Gahawar da Ta Ƙi Sauka: Nazari kan Matacin Wani Tsohon Tulun Cory

Tulun da ake magana a kansa ƙirar kamfanin Cory ne na birnin Shikago a Amurka, irin waɗanda suka cika gidaje da wuraren cin abinci a can cikin shekarun 1940. Gilashi ne hawa biyu. Na ƙasa tulu ne mai mariƙi, shi ake zuba wa ruwa a ɗora a wuta. Na sama kwano ne mai faɗin baki, da dogon bututu a gindinsa wanda ke nutsewa cikin na ƙasa, sai zoben roba a wuya da ke haɗe su gam. A bakin bututun, ta cikin kwanon, ana zura wata sandar gilashi mai kumburi a tsakiya. Kumburin nan yana da kaushi, shi ke zama a bakin bututun ya tare shi. Wannan sandar ita ce matacin tulun baki ɗaya, babu yadi, babu takarda, babu ƙarfe.

Wata mata ce a Shikago ta gaje shi daga kakarta, komai nasa cif, babu tsaga ko ɗaya. Kukanta iri biyu ne. Yawancin lokaci ruwa zai hau sama lafiya lau, a zuba garin gahawa, a juya, a sauke daga wuta, gahawar ta fara gangarowa, sai ta tsaya cak a rabi. Minti biyar, minti goma, tana nan a sama tana ƙara ɗaci. Ranar da kuwa ta sauka duka, sai a tarar da laka kwance a gindin kofi. Ta yanke hukunci cewa sandar ta tsufa, har ta fara neman matacin zamani da za ta maye gurbinta da shi, ita kuma ta jefar.

Hukuncin nan ne ya sa na ga lamarin ya cancanci a bi diddiginsa, domin kusan duk wanda irin wannan tulu ya faɗo hannunsa a yau yakan yanke shi, kuma akasari sandar ba ta da laifin komai.

Yadda ruwa ke hawa da sauka

Idan tulun ƙasa ya ɗauki zafi, iskar da ke kulle a cikinsa tana faɗaɗa, tururi kuma yana taruwa. Zoben roba ya hana su fita ta wuya, don haka sai su danne ruwan, shi kuma ba shi da hanya sai bututu. Ya ɗaga sandar kaɗan ya wuce sama. Bututun bai kai gindin tulu ba, da gangan aka bar tazarar, domin ɗan ruwa ya saura a ƙasa yana ba da tururi, kada gilashi ya zauna a wuta babu komai a ciki. Ruwan da ke sama yana ɓulɓula kamar yana tafasa, amma tururi ne ke ratsa shi. Zafinsa yakan tsaya ƙasa da matakin tafasa, wajen digiri 90 zuwa 95, kuma wannan ne zafin da gahawa ta fi so.

Da an sauke daga wuta, tururin ƙasa ya huce ya koma ruwa. Tururi yana cin wuri fiye da ninki 1,600 na ruwan da ya fito daga gare shi, saboda haka da ya koma ruwa sai cikin tulun ya zama kusan wayam. Iskar waje, wadda nauyinta ya kai kusan kilo ɗaya a kan kowane murabba'in santimita, sai ta danno gahawar daga sama ta tura ta ƙasa ta bakin mataci. Mu muna ganin kamar tulun ne ke zuƙa, alhali iskar ɗaki ce ke turawa.

Dabarar ta daɗe. An fara ƙera irin wannan tulu a Balin ta Jamus cikin shekarun 1830, wata mata a birnin Liyon na Faransa, Madam Vassieux, ta yi rajistar nata samfurin a farkon shekarun 1840, shi ma injiniya Napier na Sukotlan ya fito da nasa salon a wajen 1840. Abin da ya daɗe yana hana shi yaɗuwa gilashin da ba ya jure wuta ne. Da kamfanin Corning ya fito da gilashin Pyrex a 1915, sai kamfanin Silex ya samu abin da zai ƙera tulu mai araha da shi, gidajen Amurka suka karɓa. Mafi yawan waɗannan tuluna da yadi suke tacewa, kuma yadin ne babban abin ƙorafin matan gida: wanki, wari, canji. Wannan ƙorafin Harvey Cory ya nufa da sandarsa ta gilashi a shekarun 1930. A Ingila kamfanin Cona ya bi hanya mai kama da wannan, har yau da gilashi tulunansa ke tacewa.

Binciken farko: roba ce ko toshewa?

Gahawa kan maƙale a sama saboda ɗaya daga dalilai biyu, kuma maganinsu ya sha bamban. Ko dai iska na satar hanya ta wuya, ƙarfin turawar ya zube, ko kuma ƙarfin yana nan amma hanyar ta toshe. Gane bambancin ba ya buƙatar kayan aiki. A taɓa kwanon sama a hankali lokacin da gahawar ta tsaya. In yana motsi sakwa-sakwa, ko ana jin ɗan shuuu a wuya, roba ce. In ya manne kamar an like shi, toshewa ce.

An gwada tulun matar da ruwa zalla, sanda a wurinta, babu gari. Ruwan ya hau, ya sauka, amma saukar ta yi sanyin jiki, kuma a ƙarshe ba a ji wannan gurnanin da iska ke yi idan ta biyo bayan ruwa ta bututu ba. Robar ta bushe ta yi tauri, ta daina kama gilashi yadda ya kamata. Ba abin mamaki ba ne ga robar da ta haura shekara saba'in. Ana samun sabbin zobba na silikon da aka yi daidai da wuyan waɗannan tsofaffin tuluna, sai dai dole a auna, domin akwai masu faɗin wuya akwai masu ƙunci. (Cory ya ma taɓa ƙera wani samfuri da ba shi da roba sam, gilashi ne da aka goge yake zama a kan gilashi, amma wannan tulun ba irinsa ba ne.) Aka sa sabon zobe, ruwa zalla ya sauka da ƙarfi cikin daƙiƙu.

Da aka koma kan gahawa sai lamarin ya ƙara muni. Yanzu ta maƙale tun ba a je ko'ina ba, kuma kwanon sama ya manne ƙam. Tsohuwar robar, da ɗan yoyon iskarta, ita ce ke rage ƙarfin dannawa, tana ɓoye ainihin ciwon. Da ƙarfin ya dawo cikakke sai toshewar ta fito fili.

A nan akwai haɗari na gaske, kuma ina so mai karatu ya riƙe shi. Tulun da ya toshe yana ci gaba da hucewa, matsin iskar waje a jikinsa yana ƙaruwa. Lafiyayyen gilashi zagayayye yana iya ɗauka, amma tsoho mai ƙarzuwa a ciki, ko mai tsagar da ido bai gani ba, yana iya rushewa ya tarwatse da ruwan zafi a cikinsa. Kada a ɓanɓare kwanon sama da ƙarfi, kada a zuba wa tulun ruwan sanyi wai don a ƙara masa ja. A mayar da shi kan wuta kaɗan, tururi ya sake taruwa, matsin ya saki, abin da ya sauka ya koma sama, sannan a raba su cikin natsuwa.

Abin da ke tacewa a zahiri

Wanda ya ɗauki sandar ya duba zai ga ba ta da huda ko ɗaya. Kaushin da ke jikin kumburinta shi ke barin 'yan ƙananan kafofi tsakaninta da bakin bututu. Lokacin da gahawa ta fara sauka, manyan ƙwayoyin gari su ne ke fara taruwa a kewayen kumburin, su jingina da juna su tsaya, matsakaita su hau kansu, ƙanana su tsaya a samansu. Wannan tarin garin shi ke tace ruwan. Aikin sandar ta ba shi abin jingina. Idan an gama, za a ga garin ya yi tudu a kewayenta, ya bushe sarai saboda iskar da ta ratsa shi. Ganin wannan busasshen tudu alama ce ta cewa komai ya tafi daidai.

To matar da injin niƙa mai wuƙa take amfani, irin wanda ke sara ƙwayar gahawa yana juyawa. Irin wannan inji ba ya niƙa daidai wa daida: wasu ƙwayoyin su fito ɓarzajje, wasu su zama ƙura lilis. Ƙurar ita ke riga kowa isa kafofin, ta cushe su, matsin iska ya ƙara danne ta ta zama kamar siminti. Da aka zare sandar bayan maƙalewa, an ga baƙin zobe na laka like a inda take zama. Daga nan aka daina tuhumar sandar.

An koma injin niƙa mai haƙora, wanda ke murƙushe ƙwaya tsakanin ƙarfe biyu masu tazara ɗaya, aka saita shi matsakaici, ƙwayoyin su ɗan fi waɗanda ake yi wa matacin takarda girma. Ba sai ya zama tsaki ba, domin in ya yi girma da yawa gahawar za ta fito salam. Abin nema shi ne ƙwayoyin su yi kusan kai ɗaya. Da wannan niƙa, gram 60 ga lita ɗaya ta ruwa, gahawar ta sauka duka cikin kusan minti ɗaya, ta rufe da gurnaninta.

Saura laka. Wannan kuma daga wuta take, da kuma hannun mai juyawa. Sandar Cory babu abin da ke riƙe da ita sai nauyinta. Idan aka bar wuta da ƙarfi bayan ruwa ya hau, tururi zai riƙa cilla ta sama tana rawa tana ƙara, kuma duk tsallen da ta yi gari na zurarewa ƙasa. Matar takan zuba garin tun kafin ruwa ya hau, ta bar wuta a yadda take, sannan ta juya da cokalin ƙarfe tana bugun sandar. Uku ke nan, kowanne ya isa ya kawo laka. Aka sauya tsari: a bari ruwa ya gama hawa, a rage wuta har ƙarar sandar ta koma ɗan ƙyas-ƙyas jefi-jefi, sannan a zuba gari, a juya da cokalin katako ta gefen kwano ba tare da an taɓa tsakiya ba. Bayan minti ɗaya zuwa biyu a sauke a kan busasshen katako ko tsumma, a bar shi ya sauka da kansa. Kamfanin Silex ya hango wannan rawar, shi ya sa ya yi tasa sandar gilashin da ƙugiya da sifirin mai kama ƙarshen bututu, amma ta Cory ma tana zama lafiya muddin an iya wuta.

Ko an yi komai daidai, gahawar sanda ba ta fita garau kamar ta takarda. Man gahawa yana wucewa, da ɗan ƙura kaɗan, shi ya sa take da kauri a baki. Wasu wannan suke so. Wanda likita ya ja wa kunne kan kitsen jini ya sani cewa a cikin man nan akwai sinadarin da ake kira kafestol, mai ɗaga kolestarol, kuma takarda ta fi gilashi da ƙarfe tare shi nesa ba kusa ba.

Gwajin yadi

Matar ta riga ta sayo matacin yadi kafin a gano matsalar, irin na tulunan Japan da kamfanoni kamar Hario ke yi: faifan ƙarfe mai huda-huda, a sa masa rigar yadi a tsuke da zare, sai sarƙa da sifirin da ƙugiyar da ake maƙalawa a ƙarshen bututu. Ya shiga tulun, duk da ba kowane tsohon tulu yake yi wa daidai ba, sai an duba faɗin gindin kwano da tsawon bututu, kuma a ja ƙugiyar a hankali don bakin bututu wuri ne mai saurin ɓantarewa. Gahawar da ya bayar ta fi ta sanda tsabta, kuma ya fi haƙuri da niƙa marar kyau, domin faɗin wurin tacewarsa ya ninka na sanda sau da yawa.

Bayan ɗan lokaci sai gahawar ta fara wani ɗanɗano na tsohon mai. Tana wanke yadin da sabulu ta shanya, kamar yadda hankali zai ba kowa. Amma yadin gahawa yana shan mai a cikin zarensa, kuma da ya bushe iska ta taɓa man sai ya lalace ya yi hamami. Sabulu kuma yana barin ƙanshinsa a zare, ya fito a kofi na gaba. Duk wadda ta taɓa tatar gasara ta san abin da yadin tata ke zama in aka yi sakaci da shi, sai dai a nan mai ne ke ɓata shi, shi ya sa shanya ba ta cetonsa.

Ƙa'idar masu wannan sana'a ita ce yadi ya zauna a jiƙe. Sabo, a tafasa shi 'yan mintuna kafin a fara aiki da shi, don sitacin masaƙa ya fita. Bayan kowane dahuwa a ɗauraye shi nan take da ruwan zafi zalla, a goge garin da yatsa ko burushi mai laushi, a nutsa shi a ruwa mai tsabta cikin mazubi mai murfi a sa a firji, a riƙa canza ruwan kullum. In za a daɗe ba a yi amfani da shi ba, a matse shi a sa a leda a daskarar. Lokaci-lokaci a cire rigar daga faifan a tafasa, domin mai yana ɓuya a ƙarƙashinta inda ɗauraya ba ta kaiwa, shi ma faifan a wanke shi. Bilic ba ya kusantarsa. Duk da haka yadi ba ya dawwama. Idan ya yi baƙi ƙirin, ko saukar gahawa ta fara nawa ba tare da an canza niƙa ba, ko an shinshina an ji wari bayan tafasawa, lokacinsa ya yi.

Wannan ɗawainiyar ce ta sa masu ƙera tuluna suka yi ta neman mafita. Sunbeam, shi ma na Shikago, ya fara tulunsa na lantarki mai suna Coffeemaster da yadi a ƙarshen shekarun 1930, daga baya aka samu matacin ragar ƙarfe. Nicro ya yi na faifan ƙarfe marar tsatsa. Akwai na tangaran da ake sa wa rigar yadi. Kowanne da inda ya gaza, kuma da injin Mr. Coffee mai matacin takarda ya shigo kasuwa a 1972, wanda ake jefar da matacinsa bayan dahuwa ɗaya, sauran tulunan da ke aiki suka ƙarasa komawa saman kabad.

Kula da sandar

Ita sandar ba ta neman komai sai a kiyaye ta daga faɗuwa. Ɗauraya da ruwan ɗumi ta isa a kullum, kuma tun da gilashi ba ya riƙe ƙanshi, ɗan sabulu ba ya cutar da ita in an ɗauraye sosai. Mai yakan taru a cikin kaushin kumburin ya yi ja-ja, sai a jiƙa ta a ruwan zafi da garin sodar da ake sa wa kek, a bi da tsohon burushin haƙori. In ruwan yankin mai barin farin dabbare ne, ruwan khal ko lemun tsami yana narkar da shi. Soson ƙarfe haramiyarta ne, ita da tulun, domin ƙarzuwar da yake bari ita ce mafarin tsaga. Bututun ma yana son dogon burushi, nan ne mai ke taruwa ba a gani.

Galibin sandunan da suka karye, wajen zubar da gari suka karye. Mutum ya kifa kwano a kan kwandon shara ya manta tana ciki, ko ya ajiye ta a kan tebur ta gangara. A zare ta tukuna, a kwantar a kan tsumma, sannan a taɓa garin. Haka nan a riƙa shafa bakin bututu da yatsa a hankali: in ya ɓantare ko kaɗan, sandar ba za ta zauna daidai ba, kuma babu niƙan da zai hana laka. Na wannan tulun lafiyarsa ƙalau, ita ma sandar kaushinta bai lashe ba.

A ganina wanda ke dafa gahawa kullum, kuma yana da injin niƙa mai haƙora, sandar ce ta dace da shi, don ba ta tsufa, ba ta wari, ba a sayen wata. Yadi na wanda ke son kofi garau ne kuma ya yarda da hidimar firji. Wanda kuwa sai baƙi sun zo yake sauko da tulu, yadi zai lalace masa tsakanin dahuwa da dahuwa, gara ya riƙe gilashi ko ƙarfe. Matar ta koma kan sandar kakarta, ta daskarar da yadin don ranar da aka kawo mata garin kanti mai laushi wanda ta san sandar ba za ta ɗauka ba. Ta kuma nemi sanda ta biyu a wurin masu sayar da tsofaffin kaya ta ajiye, tun da kamfanin ya daɗe da daina ƙera su. Mai sayen irin wannan ya duba kumburin da kyau a haske, ya tabbata babu ɓantara, ya kuma gwada ta a bakin bututunsa da ruwa zalla kafin ya zuba mata gari.